Ƙala Da Ƙila

Jama'a, maganarmu ta wannan mako a kan 'yan'uwanmu ɗalibai ce, waɗanda suka gama digirin farko a jami'a suka koma neman na biyu da na uku. Ba a ba kowannensu shaida sai ya rubuta kundi, galibi kuwa da Turanci, harshen da ba da shi ya tashi ba. A cikin kundin nan akwai babi guda wanda ba abin da a ke yi cikinsa sai jero maganganun masanan da suka riga shi bincike: wane ya ce kaza, wane ya gano kaza. To, ɗan fi'ilin nan da ke zaune tsakanin sunan masani da maganarsa, shi mu ke so a duba. Ƙanƙane ne, amma da shi a ke auna amanar mai rubutu.

Malamanmu na zaure sun daɗe da sanin wannan. Ibnus Salah, wanda ya rasu a shekara ta 643 ta Hijira, da Imamu Nawawi, wanda ya rasu a 676, sun bayyana ladabin ruwaito hadisi. In hadisi ya inganta, a kan kawo shi da lafazin yankewa, kamar "ƙala" ko "rawa", watau ya ce, ya ruwaito. In kuwa mai rauni ne, sai a zo da lafazin raunanawa, kamar "ruwiya" ko "ƙila", watau an ruwaito, an ce. Daga nan Hausa ta samo "ƙila" da "wataƙila". Mu kanmu muna da "wai". Wanda ya ce "Sarkin kasuwa ya sanar an rage haraji" da wanda ya ce "wai an rage haraji" ba kaya ɗaya suka ɗauka ba, don na farko ya ɗora wa kansa nauyin labarin, na biyu ya kakkaɓe hannunsa.

Turanci ma haka ya ke, har ma fi'ilan ruwayarsa sun yi yawa ƙwarai. A 1991 masana biyu, Geoff Thompson da Ye Yiyun, suka bi takardun ilmi suka nuna cewa fi'ilin da marubuci ya zaɓa ya kan bayyana hukuncinsa a kan maganar da ya ɗauko. A 1999 wani Bature mai suna Ken Hyland ya tattara maƙalu 80 daga fannoni 8, ya ƙirga irin waɗannan fi'ilai ya sami fiye da 400. Ya kasa su uku: na aikin bincike, na tunani, da na furuci. Ya kuma lura kowane fanni da al'adarsa. Masu falsafa sun fi son "say" da "argue", masu kimiyya da injiniyoyi kuwa sun fi karkata ga irin su "report" da "describe".

Ga yadda nauyinsu ya ke a taƙaice. In ɗalibi ya rubuta "show" ko "demonstrate", ya yi ƙala ke nan, ya yarda maganar ta tabbata. In ya rubuta "state" ko "report", ya isar da saƙo ne kurum, bai goyi baya ba, bai ƙi ba. "Suggest" kuwa ta sassauci ce, alama aka gani, ba a yanke ba tukuna. "Claim" sau da yawa 'yar'uwar "wai" ce. "Argue" kuma, wadda waɗansu ke gudu don suna zaton ma'anarta gardama, a wannan wuri nufinta kawo ra'ayi tare da hujja.

Tuntuɓen da ɗalibai su kan yi a nan iri uku ne. Na farko, mutum ya kama fi'ili guda ya riƙe, shafi bayan shafi, wane ya "state", wance ta "state". Mai karatu ya gama babin bai san wanda ɗalibin ya gaskata ba, bai san wanda ya ke shakka ba. An tara masa shaidu cike da zaure, alƙali bai yi hukunci ba.

Na biyu ya fi muni, asalinsa kuwa gudun na farko ne. An gaya wa ɗalibi maimaita kalma aibi ne, sai ya buɗe ƙamus ko ya tambayi kwamfuta, ya riƙa sauya fi'ilai kamar mai sauya riga, yana zaton duk ma'anarsu ɗaya. A ce wani likita ya gwada magani a kan 'yan mutane kaɗan, ya yi tsantseni ya rubuta "suggest". Ɗalibi ya zo ya rubuta cewa likitan ya "prove", watau ya tabbatar. Wani ɗalibi na baya ya kwafa daga kundin nan bai nemi asali ba, na uku ya kwafa daga na biyu. Kafin a farga ƙila ta zama ƙala, an jingina wa bawan Allah abin da bai faɗa ba, mai yiwuwa kuma wata rana a gina shawarar asibiti ko ta gona a kansa. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Haka kuma wani ya kan rubuta "claim" a kan masanin da ya dogara da shi, ya wayi gari ya tuhumi malaminsa bai sani ba.

Na uku kunya ce. Mun tashi da girmama malami, abin yabo ne kuwa. Amma ɗalibi ya kan ga raunin hujjar wani farfesa ƙuru-ƙuru, ya ji nauyin nunawa, ya lulluɓe ta da fi'ilin yarda. Malaman hadisi sun fi mu ladabi, duk da haka ba su ji kunyar cewa wannan ruwaya mai rauni ce ba. Mai jarrabawa kuma abin da ya ke nema ke nan, ya ga ko ɗalibi ya iya auna magana.

Shawararmu ga ɗalibi ita ce, kada ya ruwaito maganar kowa sai ya karanta ta a inda mai ita ya rubuta, gani ya kori ji. Sa'an nan ya yi wa kansa tambaya biyu kafin ya sa alƙalami: yaya ƙarfin da mai maganar ya ba ta, ni kuma yaya na ke ganinta? Amsar nan ita za ta zaɓa masa fi'ili. Ya kuma sami ɗan littafi, duk sa'ad da ya karanta maƙala mai kyau a fanninsa ya rubuta fi'ilan ruwayar da ya gani tare da jimlolinsu. In fi'ili guda shi ne daidai sau uku a jere, ya maimaita shi sau uku, ba laifi.

Ku kuma malaman makaranta, gyaran daga wurinku ya ke farawa. Kun saba koya wa yara yadda a ke juya lokacin fi'ili in za a ba da labarin maganar wani. Ku ƙara musu da nauyin fi'ilin kansa, ku fara da "wai" da "ƙila" waɗanda suka sani tun suna goye. Masu duba kundi kuma kada jan alƙalaminsu ya tsaya ga nahawu kaɗai, su riƙa tambayar ɗalibi, "Haka mutumin nan ya faɗa?" Akawun da ke rubuta rahoton taro ma bai tsira ba, don "ya yarda" da "ya ce zai duba" ba ɗaya ba ne.

Ɗauko maganar wani shaida ce, shaida kuwa amana ce. Allah ya ba mu ikon riƙe ta, amin. Haza wasalam.