Muzuru ya mutu bayan magani: ajali ne ko sakacin likita?



Akwai wata gardama da takan tashi tsakanin mai dabba da mai magani, a birni ko a ƙauye. Mai gida ya ga muzurunsa ya kasa fitsari. Ya kai shi wurin likitan dabbobi. An yi masa allura, an karɓi kuɗi, an ce a koma gida. Bayan kwana 2 muzuru ya mutu. Mai gida ya ce likita ne ya kashe masa dabba. Likita ya ce kwana ne ya ƙare. Maƙwabta kuma su ce: kyanwa ce fa, mine ne abin faɗa?

Ni a ganina, duka ukun sun yi saurin yanke magana. Mutuwar dabba ita kaɗai ba shaidar sakaci ba ce. Amma kuma kalmar ajali ba ta wanke mutumin da ya karɓi kuɗi bai ko taɓa cikin dabbar da hannunsa ba. Ana iya bambanta su, idan an san cutar kuma an san aikin da ya kamata a yi.

Maƙwabta ne zan fara ba amsa. Wanda ya taɓa buɗe rumbu cikin bazara ya tarar kusu ya maida damin hatsinsa ƙaiƙayi, ba zai raina mussa ba. Ita ce mai gadin da ba a biya. Kuma malamanmu suna karanta mana hadisin matar da aka yi wa azaba saboda kyanwar da ta kulle, ba ci ba sha, har ta mutu. Dabbar da ke cikin gidanka amana ce, ko tana da kuɗi a kasuwa ko ba ta da.

Yanzu ga cutar. Ƙoda biyu suna tace jini, suna fidda datti ya zama fitsari. Fitsarin yana taruwa cikin mafitsara, sa'an nan ya fita ta wata hanya. Hanyar macen kyanwa gajera ce mai faɗi. Ta muzuru doguwa ce, ƙarshenta bai kai kaurin tsinken ashana ba. Shi ya sa cutar ta fi kama namiji. Wani abu kamar rairayi mai laushi yakan haɗu da majina ya toshe wannan ƙarshen. Wani loton ƙaramar tsakuwa ce, wani loton kumburi ne. Ta fi samun muzurai masu ƙiba, masu zaman ɗaki, masu cin busasshen abincin kanti ba tare da isasshen ruwa ba.

Da zarar hanya ta toshe, mafitsara za ta cika ta yi tauri. Ƙoda su daina aiki. Dattin da ya kamata ya fita ya koma cikin jini. A cikinsa akwai wani gishiri da likitoci ke kira fotasiyom. Idan ya yi yawa yana rage bugun zuciya, har ya tsaida ta. Cikin kwana 1 zuwa 2 dabba za ta galabaita. Idan ba a buɗe hanyar ba, kwanaki kaɗan ne suka rage mata. Mai gida zai ga muzuru yana tsugunawa yana yunƙuri, yana kuka, yana lasar gabansa, ba abin da ke fita sai ɗigo, wani loton da jini. Daga baya ya ƙi abinci, ya yi amai, jikinsa ya yi sanyi.

Wannan cuta tana da magani, kuma sananne ne. A shekara ta 2003, likitocin jami'ar Pensilbaniya ta Amurka sun bada rahoton muzurai 223 da aka kawo musu da wannan toshewa. Fiye da 9 cikin 10 sun tashi. Gaskiya ne can suna da na'urorin awon jini da ba kowane gari namu ke da su ba. Amma tushen aikin ba na'ura ba ne.

Likitan kirki, abu na farko da zai yi shi ne ya sa hannu ya taɓa ƙasan ciki. Mafitsarar da ta toshe tana jin tauri kamar ɗanyen lemu. Wannan awon ba ya cin ko dala. Sa'an nan ya saurari zuciya. Idan dabba ta galabaita, ya fara yi mata ƙarin ruwa ta jijiya, ya ba ta maganin da ke kare zuciya, kafin ya sa ta barci. Bayan haka ya zura ɗan siririn tiyo mai tsabta a hankali, yana tura ruwa har toshiyar ta koma ciki. Ya zubar da fitsarin, ya wanke mafitsara. Galibi ana barin tiyon kwana 1 zuwa 3, ana ci gaba da ƙarin ruwa, domin bayan buɗewa fitsari yakan zubo da yawa har jiki ya bushe. Ba a sallamar dabba sai an cire tiyo kuma an gan ta ta yi fitsari da kanta.

To, ina sakaci yake? Yana wurin tsallake waɗannan matakai. Mafi muni shi ne wanda ya ga dabba tana yunƙuri, ya ce ai kashi ne ya ƙi fita, ya ba da maganin wanke ciki, bai taɓa mafitsara ba. Wannan ba shi da hanzari ko kaɗan, domin hannu kowa na da shi. Akwai kuma mai allura ɗaya ta kowace cuta, wato allurar kashe ƙwayoyin cuta. Ita ba ta buɗe toshiya. Kamar rijiya ce ta rufta, mutum ya je yana share bakinta. Akwai mai ba da maganin sa fitsari alhali ƙofa a rufe take, ya ƙara ruwa cikin salkar da ta riga ta cika. Akwai mai matsa mafitsara da ƙarfi don ya tilasta fitsari ya fito, har ta fashe. Akwai mai tura tiyo da ƙarfin tsiya, dabba ido biyu tana shure-shure, har hanyar ta yage. Wasu magungunan rage zafi, irin su diklofenak, suna ƙara lalata ƙodar da ta riga ta wahala.

Amma sakacin da ya fi ɓata mini rai shi ne na baki. Likita ya ga abin ya fi ƙarfinsa, ba shi da tiyon da ya dace, ba shi da maganin barci. Maimakon ya faɗa, sai ya yi allura don kada a ce ya kasa, ya sallami mutum da kwanciyar hankali ta ƙarya. Mai gida ya koma yana jiran sauƙi. Awowin da za a iya tafiya wani wuri a cikinsu sun ƙone. Da ya ce: malam, wannan ban da kayan aikinsa, ka garzaya wurin wane yau ɗin nan, da ya fita haƙƙi. Faɗin haka ba ya rage darajar kowa.

A nan ya kamata mu san wa muke kira likita. A bakinmu duk mai sirinji likita ne, alhali ba ɗaya suke ba. Akwai cikakken likitan dabbobi, wanda ya yi shekaru yana karatu, da yawansu a babbar makarantar Dakar da aka kafa a 1968, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka mallake ta. Akwai ma'aikatan kiwo da suka fito daga makarantar Kollo. Akwai mataimakan ƙauye da aka ba horo na ɗan lokaci don rigakafi da ƙananan magunguna, a ƙarƙashin kulawar likita. Duka waɗannan suna da amfani, kuma shanu da tumaki da awaki da raƙuma ne aikinsu na kullum, ba kyanwa ba. Sai na huɗu, mai shimfiɗa ƙwayoyi cikin rana a kasuwa, wanda bai yi karatun komi ba. Wanda ya kai muzurunsa gare shi, kada ya ɗora wa likitoci laifi.

Yanzu bari in tsaya wa likita, domin adalci ya cika. Dabba tana iya mutuwa ko an yi komi daidai. Idan an kawo ta a kwana na 3, jiki ya yi sanyi, zuciya tana tafiya da ƙyar, tana iya cikawa ana cikin aiki. Hanyar fitsarin da ta kumbura takan yage ko a hannun gwani. Mafitsarar da ta daɗe a cike takan lalace da kanta. Kuma toshiyar tana yawan komowa, wani loton cikin kwanaki kaɗan bayan sallama. Komowarta ba laifin likita ba ne. Laifinsa shi ne idan bai gargaɗe ka ba cewa tana iya komowa, bai faɗa maka alamun da za ka duba ba.

Mu ma masu dabbobi muna da namu. Jinkiri shi ne na farko: bari mu gani zuwa gobe. Na biyu ya fi haɗari. Mutum ya ga dabba cikin zafin ciwo, tausayi ya kama shi, ya ɓallo mata farasetamol ɗin da yake sha. Ku riƙe wannan da kyau: farasetamol guba ce ga kyanwa. Hantarta ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya 1 tana iya kashe ta. Idan ka riga ka ba ta, faɗa wa likita gaskiya tun daga ƙofa.

Wani zai ce shi ba ya da kyanwa. To, yana da rago? Ragon turka yana kamuwa da irin wannan toshewar, musamman wanda ake ɗura wa dusa da hatsi, ciyawa kaɗan, ruwa kaɗan. Dusa tana da wani gishiri da ke haifar da rairayi cikin fitsari. Rago zai riƙa miƙewa yana yunƙuri, yana harbin cikinsa, yana cizon haƙora. Shi ma ana yawan cewa ciki ne ya ɗaure. A ƙarshen gaban rago akwai wani ɗan siririn tsini inda tsakuwa ta fi maƙalewa, likita yakan yanke shi hanya ta buɗe, ko da yake tana iya sake toshewa. Idan an yi jinkiri har fitsari ya watsu cikin jiki, ko an yanka naman yana warin fitsari, an yi asarar rago da nama gaba ɗaya. Harawar wake ko ta gyaɗa, ɗan gishiri, da ruwa mai tsabta dare da rana suna rage wannan haɗari. Tambayoyin da za a yi wa likita kan muzuru su ne za a yi masa kan rago.

Ga inda karatunmu zai yi mana rana. A da, idan gardama ta tashi, maganarka ce da tasa, kuma shi ke da farar riga. Yau mun iya riƙe alƙalami. Ka samu ɗan karne. Rubuta ranar da ka fara ganin alama, da lokacin da ka isa wurin likita. Tambaye shi cikin ladabi: Likita, ka taɓa mafitsarar? A cike take? Mi za ka yi mata? Kana da kayan aikin? Wane haɗari ke akwai, kuma nawa zan biya? Ka roƙe shi ya rubuta maka sunan cutar da sunan kowane magani, da yawansa, da kwanan wata, ya sa hannu. Ka ajiye kwalin magani da rasit. Idan da faransanci ya rubuta, ba komi, ɗanka ko malamin ajin yaƙi da jahilci zai karanta maka. Likitan da ya san aikinsa ba ya jin haushin takarda, domin shi ma tana kare shi ranar da aka yi masa ƙazafi. Wanda ya fusata don an nemi rubutu, ni dai ba zan sake kai masa ko kaza ba.

Idan dabba ta mutu kuma zuciyarka ba ta kwanta ba, kada ka je ƙofar mutum da zagi, kada kuma ka bi gari kana ɓata masa suna kan zato. Aikin likitan dabbobi yana da doka a ƙasarmu, akwai dokar kiwo ta ranar 30 ga Yuni 2004, kuma likitocin suna da ƙungiyarsu ta ƙasa mai kula da ladabin sana'a. Ka fara komawa wurinsa da karnenka, ka nemi bayani. Idan bai gamsar da kai ba, ka kai maganar ga shugaban ma'aikatar kiwo ta gundumarku, a rubuce, ka ajiye kwafi. Kana kuma iya neman wani likita daban ya buɗe gawar ya duba mafitsara da hanyar fitsari da ƙoda, ya rubuta abin da ya gani. Wannan sai an yi shi a ranar, domin cikin zafin ƙasarmu gawa tana saurin lalacewa. Kafin ka isa, ka naɗe ta cikin leda, ka sa ƙanƙara a gefenta in akwai, ka ajiye ta a inuwa.