KADA A RENA ANINI: NASIHA GA MAI SON TARA TSOFAFFIN KUƊI

Wani matashi daga Uwani ta Inugu ya rubuto wa wannan fili yana cewa wai ya tarar da gwangwani cike da tsofaffin kuɗi a cikin kayan marigayi kakansa, ga shi kuwa wani maƙeri ya taya, yana so ya narka. Tambayarsa biyu ce: yaya ake sanin darajarsu, yaya kuma ake adana su? Mun tabbata ba shi kaɗai ke da irin wannan gado ba. Hausawa sun daɗe suna fatauci a Inugu da Anacha da Fatakwal, har ma Malam Umaru Altine ya riƙe muƙamin magajin garin Inugu a shekarun 1950. Saboda haka amsar ta kowa ce.

Abu na farko shi ne mutum ya san abin da ke hannunsa. A 1912 aka kafa hukumar kuɗi ta ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila, a 1913 kuma ta fito da taro da sisi da sule da fataka na azurfa. Anini da kwabo masu huji a tsakiya sun riga su fitowa, tun 1907. Duk wanda ya duba su da kyau zai ga tauraro mai tsini shida, da rubutun Larabci mai faɗin darajar kuɗin. Daga 1920 aka daina buga na azurfa, aka koma ga farar tagulla. A 1959 Babban Bankin Nijeriya ya fito da namu na kanmu: taro mai hoton auduga, sisi mai koko, fataka mai gyaɗa. Waɗannan su aka yi ta kashewa har naira da kwabo suka shigo ranar 1 ga Janairu, 1973.

Mutanen Gabas kuwa suna iya cin karo da abu biyu da ba safai ake gani a Arewa ba. Na ɗaya, mundayen tagulla da aka yi ciniki da su a can har aka hana karɓarsu a 1949. Na biyu, kuɗin sanholo marasa nauyi da ɓangaren Biyafara ya buga da shekarar 1969 a kansu. Waɗannan shaida ce ta wani lokaci mai zafi a tarihin ƙasarmu, bai kamata a zubar da su ba.

To, mene ne ke sa kuɗi daraja? Galibin mutane suna zaton tsufa ne, alhali kuwa ba haka ba ne. Ku ɗauki liyari, wato babban kuɗin azurfan nan mai hoton Sarauniya Mariya Tariza ta Ostiriya wanda mata ke ratayawa. Kusan kowanne yana ɗauke da 1780, shekarar da ta rasu, amma an ci gaba da buga shi da wannan shekara har cikin ƙarni na 20. Saboda haka darajar yawancinsu ba ta wuce ta azurfar da ke jikinsu da yawa ba, nauyin kowanne kuwa wajen giram 28 ne. Haka nan kwabon 1936 mai sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarautar Ingila a wannan shekara. Labarinsa da daɗi, amma an buga shi da yawa, don haka ba ya tsada.

Abubuwa uku masana ke dubawa. Da fari ƙaranci, wato nawa aka buga, nawa suka rage. Sa'an nan lafiyar kuɗin: sulen da rubutunsa da hoton kwakwarsa suka fito sarai ya ninka wanda hannu ya suɗe sau da yawa, wanda kuwa aka huda don sarƙa ya riga ya faɗi. Na uku, ƙaramin harafin da ke nuna inda aka buga shi. Harafin H yana nufin masana'antar Heaton ta Birmingham, KN kuma ta King's Norton. Kuɗi biyu na shekara ɗaya suna iya bambanta a farashi saboda wannan harafi kawai. A kuma yi hattara da jabu, domin tun zamanin Turawa ake ƙera shi, shi ya sa a 1938 aka sake fasalin sule da fataka aka yi musu kwari a gefe. Sulen azurfa na gaskiya nauyinsa ya ɗara giram biyar da rabi kaɗan, kuma maganaɗisu ba ya kama shi.

Wajen adanawa nan ne aka fi yin ɓarna, kuma da kyakkyawar niyya. Kada a goge tsohon kuɗi da toka ko yashi ko lemun tsami ko man goge ƙarfe. Duhun da shekaru suka sa masa shi ne adonsa, in an kankare shi rabin kuɗinsa ya tafi, ba ya kuwa dawowa. A riƙe shi ta gefe, gama gumin yatsa yana cin tagulla. Babban abokin gāba a Fatakwal da Anacha shi ne laima, wadda ke haifar da koren tsatsa mai yaɗuwa. A fid da su daga gwangwani, a sa kowanne cikin 'yar ambulan ta takarda shi kaɗai, a rubuta shekara da inda aka samo shi. A guji leda mai taushi, don tana fid da wani maiƙo mai ɓata ƙarfe. 'Yan ƙunshin nan masu tsotse laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi suna da amfani ƙwarai a akwatin ajiya.

Game da tayin maƙeri kuwa, shawararmu ita ce a dakata. Shi nauyi yake saye, ba tarihi ba, kuma abin da ya shiga wuta ya tafi ke nan. Haka kuma a toshe kunne ga masu yawo suna cewa kwabo mai huji na iya mai da mutum miloniya, sai dai a ba su kafin alƙalami. Kwaɗayi mabuɗin wahala. In kayan gado ne, magada duka suna da hakki a ciki, sai a ƙidaya a rubuta kafin kowa ya taɓa. Wanda kuma ya sami zuwa Abuja ya nemi ganin gidan tarihin kuɗi na Babban Bankin Nijeriya, ya gwada nasa da na can.

Aninin da iyayenmu suka sayi ƙuliƙuli da shi yau ba ya sayen kome a kasuwa, amma yana iya koya wa yaro abin da littafi bai faɗa masa ba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.