NAZARI: Daga rubutun likita zuwa kantin kemis: Inda majinyacin Lambara ke ɓacewa a hanya

Lambara, ɗaya daga cikin mazaɓun Ƙaramar Hukumar Shagari, tana kan babban titin da ya taso daga Sakkwato ya ratsa Bodinga ya nufi Tambuwal da Jega. A ido, mutumin da ke zaune bakin irin wannan titi ba shi da uzurin rasa magani: mota na wucewa dare da rana, akwai manyan asibitoci a Shagari da Bodinga, ga kuma birnin Sakkwato da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da Asibitin Ƙwararru.

Sai dai ganin likita rabin tafiya ne. Yawanci majinyaci yakan fito daga ɗakin duba marasa lafiya da takarda ɗaya ko biyu a hannu: takardar magani, da takardar zuwa ɗaukar hoto ko gwaji. Abin da ke faruwa da waɗannan takardu bayan an bar harabar asibiti shi ke yanke hukuncin ko za a warke ko za a dawo ranga-ranga. Kuma wannan ɓangare ne hukumomi suka fi yi wa riƙon sakainar kashi.

Aljihu ne ke gyara rubutun likita

A Najeriya, fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya daga aljihun majinyaci da danginsa suke fitowa kai tsaye. Tun da aka saki darajar naira a watan Yunin 2023, farashin magunguna ya yi tashin gwauron zabo, domin mafi yawansu daga waje ake shigo da su, waɗanda ake haɗawa a gida ma sinadaransu na waje ne. A watan Agustan wannan shekara kamfanin GSK ya sanar da rufe harkokinsa na kai tsaye a ƙasar, Sanofi ya bi sahu a watan Nuwamba. A watan Yunin 2024 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu kan umarnin ɗage haraji daga kayan haɗa magunguna, amma sauƙi irin wannan yakan daɗe a hanya kafin ya iso kantin ƙauye.

Sakamakon haka sananne ne ga duk wanda ya taɓa tsayawa gaban kantin magani a karkara. Manomi ya miƙa takarda mai magani huɗu, a faɗa masa kuɗi, ya laluba aljihu ya ce a ba shi na abin da ke hannunsa. Sai a cire biyu, ko a yanka katin ƙwaya gida biyu a ba shi na kwana biyu maimakon na kwana biyar. Wanda ke yanke shawarar abin da za a bari da abin da za a ɗauka ba likita ba ne. Mai kanti ne da mai ƙaramin ƙarfi, kuma sau da yawa maganin rage zafi ake zaɓa, domin shi ne ake jin aikinsa nan take, a bar wanda ke kashe cutar.

Wane ne ke bayan kanta?

A doka, kantin magani iri biyu ne. Akwai famasi, wanda dole ya kasance ƙarƙashin kulawar masanin harhaɗa magunguna mai rajista. Akwai kuma ƙananan kantunan da jama'a ke kira kemis, waɗanda lasisinsu ya taƙaita ga jerin magungunan da ba su buƙatar takardar likita. Hukumar PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022, ita ke ba su lasisi duka. Bisa ƙa'ida, mai kemis ba shi da hurumin yin allura, ƙarin ruwa, ko sayar da manyan magungunan kashe ƙwayoyin cuta.

A aikace kuwa, famasi masu rajista sun taru ne a birane, mai kemis shi ne ke kusa, shi ke buɗe da dare, shi ke ba da bashi har kaka. Don haka yi masa kallon mai laifi kawai ba zai magance komai ba. Gurbi ya tarar ya cike. Tambayar ita ce wa ke horar da shi, wa ke duba abin da ke kan kantarsa, kuma daga ina yake saro kaya.

Batun saro kayan ba ƙarami ba ne. A watan Fabrairun 2024 hukumomin NAFDAC da PCN suka rufe shagunan magani sama da dubu a Kano domin tilasta wa dillalan Sabon Gari komawa cibiyar Dangwauro, inda za a iya sa ido kan ajiya da inganci. Kano kuwa babbar mahadar kasuwar magani ce ga Arewa maso Yamma. Ƙasar ta sha ganin illar sakaci: a 2008 zuwa 2009 gurɓataccen maganin haƙoran yara mai suna My Pikin ya hallaka yara 84, a watan Mayun 2018 kuma gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin bayan binciken BBC ya fallasa yadda ake tallarsa kamar ruwan sha.

Akwai wata illar da ba a gani da ido. Duk lokacin da aka sha rabin maganin kashe ƙwayoyin cuta, ko aka sha shi a kan mura da zazzaɓin da ba su buƙatarsa, ana koya wa ƙwayoyin cutar yadda za su bijire masa ne. Binciken da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa bijirewar ƙwayoyin cuta ga magani ta kashe mutum miliyan 1.27 kai tsaye a duniya cikin 2019, kuma yammacin Afirka ne ya fi kowane yanki yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a.

Yadda ake karanta takardar magani

Ana rubuta takardar magani da Turanci da gajerun alamomin Latin, ga majinyacin da wataƙila ajami kaɗai ya iya. Amma alamomin ba su da yawa, kuma ɗan makaranta a gida zai iya riƙe su. Idan an rubuta od ko daily, sau ɗaya ke nan a yini. Bd sau biyu. Tds sau uku. Qds sau huɗu. Nocte da dare kafin barci. Prn sai in buƙata ta taso. Stat kuwa a sha nan take, sau ɗaya. Lambobin ƙarshe tsawon lokaci ne: 5/7 kwana biyar, 2/52 mako biyu, 3/12 wata uku.

Sau uku a yini na nufin a raba tazarar kusan sa'a takwas-takwas, ba a haɗa su tsakanin hantsi da la'asar ba. Maganin zazzaɓin cizon sauro na haɗin artemether da lumefantrine, wanda aka fi sani da Coartem, sau shida ake shansa cikin kwana uku: na biyu bayan sa'a takwas da na farko, sauran safe da yamma, tare da abinci mai maiƙo ko madara domin jiki ya tsotse shi. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a gwada jini kafin a ba da shi, domin ba kowane zazzaɓi ne na sauro ba. Maganin hawan jini da na ciwon suga kuwa ba a daina su don an ji sauƙi. Sauƙin alama ce ta maganin yana aiki.

Kafin barin gaban likita, majinyaci na da tambayoyi huɗu da za su cece shi daga asara: mene ne aikin kowane magani, wanne ne ba za a iya bari ba in kuɗi sun gaza, akwai mai araha da ke aiki iri ɗaya, kuma yaushe za a dawo. A kanti kuma a duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar wa'adi, a kankare lambar tantancewa da ke jikin wasu magunguna a tura ta saƙon waya. Matambayi, in ji Hausawa, ba ya ɓata.

Hoto: wanda ya dace da wanda ya zama kasuwa

Takarda ta biyu ta fi ta farko wahalar cikawa, domin tana haɗe da kuɗin mota da ɓata yini. Mace mai juna biyu daga ƙauyukan da ke kewaye da Lambara sai ta sami izini da ɗan rakiya da guzuri kafin ta kai inda na'ura take, kuma ta yi fatan akwai wuta da ma'aikaci a ranar.

A 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar mai ciki ta ga ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas, kuma a yi mata hoton ciki sau ɗaya kafin cikin ya kai mako 24. Wannan hoto guda yana nuna watannin cikin na gaskiya, ko tagwaye ne, da wasu larurorin halitta. Wanda aka yi da wuri yana gano cikin da ya zauna a wajen mahaifa, abin da ke iya kashe mace cikin sa'o'i idan ya fashe. Na baya kuma yana nuna ko mabiyiya ta tare hanya ko jariri ya kwanta a gicciye. A ƙasar da ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna mata kusan 75,000 sun mutu sanadin ciki da haihuwa a 2023, fiye da rubu'in na duniya baki ɗaya, wannan ba ƙaramin bayani ba ne.

A nan ne manufofin gwamnati ke cin karo da juna. A watan Nuwamban 2024 Ministan Lafiya Farfesa Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa galihu. Amma macen da ba a taɓa yi wa hoto ba takan san tana buƙatar tiyata ne bayan ta kwana tana naƙuda a gida, jini ya ɓalle, ana neman mota cikin dare. Tiyata kyauta ba tare da hoto mai sauƙin samu ba tamkar gina rijiya ce a hana guga.

A ɗaya gefen kuma, hoto ya zama abin yayi. Wasu na zuwa a “duba musu ciki gaba ɗaya” ba tare da likita ya tura su ba, su fito da sakamakon da zai kai su sayen tarin magani. Na'urar hoton ciki ba ta gano taifot, ba ta gano zazzaɓin sauro, ba ita ake dogara da ita wajen gano gyambon ciki ba. Ingancin sakamako kuma ya rataya ne kan ƙwarewar mai riƙe da na'urar, shi ya sa ƙasar ke da hukumar rajistar masu ɗaukar hoton asibiti tun 1987.

Ga wanda aka tura, shiri kaɗan na hana zuwa biyu. Hoton mara da na ƙaramin ciki na buƙatar cikakkiyar mafitsara, don haka a sha ruwa a riƙe fitsari. Hoton hanta da madaciya yakan buƙaci a ƙaurace wa abinci na sa'a shida zuwa takwas. Hoton ciki da sauti yake aiki, ba ya cutar da jariri. Amma hoton ƙirji da na ƙashi da na CT suna amfani da haske mai ratsa jiki, don haka wajibi ne mace ta faɗa idan tana da ciki ko tana zato. Mai ƙarfe a jiki ya sanar kafin shiga na'urar MRI. Sannan a mayar da sakamako ga wanda ya rubuta takardar, a kuma adana shi.

Dokoki suna nan, isarwa ce ta rage

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya yi wa majinyaci bayanin cutarsa da zaɓin magani da harshen da yake fahimta. Ita ce kuma ta kafa asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda ke karɓar aƙalla kashi ɗaya cikin 100 na kuɗin shigar tarayya. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta mayar da inshora tilas, ta tanadi asusu na musamman domin marasa ƙarfi. A Sakkwato, hukumar SOCHEMA ce ke riƙe da wannan aiki.

Ƙarancin ma'aikata na daga cikin abin da ke hana dokokin aiki. Minista Pate ya ce a 2024 likitoci kimanin 55,000 ne suka rage a ƙasar, bayan ficewar kusan 16,000 cikin 'yan shekaru. Likitan da layi ya yi masa yawa ba ya samun minti biyar na bayani. A 2025 gwamnatin Ahmed Aliyu ta fito da tsarin tura ma'aikatan lafiya karkara na shekara biyu tilas. Mataki ne da ya dace, amma za a auna shi ne da ko ma'aikacin yana kwana a garin, da kuma ko yana da magani a ma'ajiya.

Abubuwa uku za su fi saurin tasiri, kuma ba su fi ƙarfin jiha ba. Na farko, a tabbatar da muhimman magunguna a asibitin kowace mazaɓa daga cikin 244 na jihar, da farashi a manne a bango. Na biyu, a horar da ungozomomi kan ƙaramar na'urar hoton ciki mai aiki da batir, a tsayar da ranar hoto tare da ranar awo. Na uku, a riƙa rubuta yadda ake shan magani da Hausa, boko ko ajami, ko da zanen rana da wata, a kuma jawo masu kemis cikin horo da sa ido maimakon samame lokaci-lokaci.

Ga majalisar jiha, sarakuna da kwamitocin raya mazaɓu, ma'aunin a fili yake: cikin majinyata goma da suka fito da takarda a Lambara, nawa ne suka sami maganin duka, suka sha shi daidai, kuma nawa ne suka dawo da hoton da aka tura su ɗauka? Ranar da hukumomi suka fara ƙirga wannan, ranar za su san ko kuɗin lafiya na isa ga mai shi.