Furen roba da tsintsiyar kasuwa: ina aikin hannu ya shiga?

A zangon karatun da ya wuce, wata ɗalibata 'yar aji 5 ta zo makaranta rungume da wani kwali da kawunta ya yi mata tsaraba daga Kano. A cikinsa akwai ganyayen furanni na roba launi-launi, da siririyar waya mai ƙananan ƙwayayen fitila a jere, da ɗan akwatin batir. Aikin yaro shi ne ya cusa kowane fure a kan ƙwan fitila, ya danna makunni. Kafin a kaɗa ƙararrawar tara ta gama haɗawa, aji ya kaure da shewa. Ni ma abin ya burge ni, ba zan ɓoye ba. Amma da na tambaye ta me ya sa fitilar ta kama, sai ta ce haka aka yi ta.

Irin waɗannan kwalaye, waɗanda akasarinsu daga Sin ake shigo da su, sun fara bayyana a shagunan Gusau, kuma na ji wasu abokan aiki suna cewa da iyaye za su riƙa saye, da an huta da wahalar darasin aikin hannu. Ban yarda da wannan ra'ayi ba. Masana'anta ta riga ta yanka, ta rina, ta ƙulla wayar; abin da ta rage wa yaro bai wuce saka hula a kai ba. Ga kuma tsada, a lokacin da uba a Tsafe ko Bungudu yake lissafin kuɗin masara, wani ma ya bar gonarsa saboda rashin tsaro. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta ce karatun firamare kyauta ne, bai kamata mu buɗe wa karɓe-karɓe wata sabuwar ƙofa ba.

Sai dai kafin mu zargi kwali, 'yan'uwa malamai, mu dubi kanmu. Shekara nawa muka yi muna cewa ranar jarrabawar aikin hannu kowa ya kawo tsintsiya ko mafici? Yaro ya je kasuwa ya sayo, mu ba shi maki 80. Wanda bai samu ba ya kawo kuɗi. A wata makarantar da na taɓa koyarwa, tsintsiyoyin nan sukan ƙare ne a gidajen malamai, ni ma na kai gida, Allah Ya yafe mana. Wanda ya karɓi tsintsiyar kasuwa a madadin aikin yaro ba shi da bakin kushe furen roba. Gara ma kwalin, aƙalla yaron ya taɓa shi da hannunsa.

Abin takaicin shi ne ba baƙon darasi ba ne a wurinmu. Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 tana da sashen koyon sana'o'in hannu. Manhajar shekara 9 ta hukumar NERDC, wadda aka fara aiki da ita a 2008, ta ware darasin al'adu da fasaha, ta kuma ware na kimiyya da ƙere-ƙere. Yaranmu kuwa, tun ba su shiga aji 1 ba suke ƙera mota da kara da gwangwani a bakin layi, babu wanda ya koya musu sai 'yan'uwansu. Da sun shigo aji sai mu ce su naɗe hannu.

Bayan abin da ya faru da kwalin nan, na ce kowa ya nemo matacciyar tocila, irin waɗanda ake zubarwa a bola. Muka ciro ƙwayayensu, muka samo wayar tsohuwar caja, da batir biyu na rediyo. Furannin muka yi da kaba da sillen kara da takardar da muka rina da galura, muka manna da ƙaro. Ba su kai na kanti kyau ba, wasu ma sun fi kama da kazar da ruwa ya doka. To amma a nan ne darasin ya fito. Irin wannan ƙwai ba ya kamawa sai an haɗa shi ta fuskar da ta dace. In aka juya ƙafafunsa, shiru. Yara suka gano haka da kansu bayan sun yi ta musu. Suka kuma ga cewa idan kowane ƙwai yana shan wuta kai tsaye daga wayoyi biyun, mutuwar ɗaya ba ta kashe sauran. Wani yaro da bai taɓa ɗaga hannu a aji ba shi ya zama mai gyaran kowa.

Dole a yi hattara da abu biyu. Kada yaro ya kusanci wutar Nepa da wannan aiki, domin ƙarfinta ya ninka na batir biyu fiye da sau 70. Sannan ƙaramin batir mai kama da maɓalli, wanda ake samu a cikin wasu kayan wasa, idan ƙaramin yaro ya haɗiye shi yana iya ƙona masa maƙogwaro cikin 'yan sa'o'i. Iyaye su lura da ƙanne a gida.

Roƙona ga reshenmu na NUT shi ne mu cim ma matsaya a taro mai zuwa: ba za a ba da makin aikin hannu ba sai a kan abin da aka yi a gaban malami, kuma a daina karɓar kuɗi ko kayan kasuwa a madadinsa. Da yawanmu ba mu iya saƙar faifai ba, balle haɗa waya, don haka a shirya mana bita ta kwana 2 a lokacin hutu, a gayyato masu saƙar tabarma da masu gyaran rediyo na garuruwanmu su koya mana, a kuma biya su ladan aikinsu.