Sharhi: 'Yar Sifikar Matafiyi da Ƙurar Hanyar Maigatari

Sharhinmu na yau a kan wani ɗan kaya ne da ya samu gurbi a jakar matafiya, wato 'yar sifikar da ake haɗawa da kwamfutar tafi-da-gidanka.

Duk wanda ya taɓa buɗe kwamfuta a gaban mutum goma ya san inda gizo ke saƙa. Malami ne ya taso daga Kwalejin Ilimi ta Gumel zai yi bita a Gagarawa, ko ma'aikaciyar lafiya ta tara mata a gindin darbejiya a Sule Tankarkar za ta nuna musu bidiyon rigakafi. Hoto tar, murya kuwa kamar kukan sauro. Na baya sai tambaya suke, "Me ya ce?"

To, sai a nufi kasuwa. Ko Maigatari ranar Alhamis, ko Farm Centre idan an shiga Kano, salon ɗaya ne. Mai kaya zai saka kiɗa ya ƙure murya, fitilu na wal-wal, ya nuna maka kwali an rubuta wat 1000. Malam, kada lambar nan ta ruɗe ka. JBL Go 3, wadda ta yi suna cikin masu shiga aljihu, wat 4.2 kacal kamfaninta ya rubuta, kuma tana wadatar da ɗaki. Ka ce wa mai kayan ya kashe kiɗan ya saka labarai ko karatu, sannan ka ja da baya taku biyar. In kana rarrabe kowace kalma duk da hayaniyar kasuwa, ta yi. Dukan ƙirji da gangar ke yi ba shi ne jin magana ba, sau da yawa ma shi ke binne ta.

Abin da aka fi mantawa shi ne ƙura, alhali mu nan arewacin Jigawa ita ce abokiyar tafiya, balle da hunturu. Duba jikin kwalin, za ka ga haruffan IP da lambobi biyu. Ta farko ta ƙura ce, ta biyu ta ruwa. IP67 na nufin ƙura ba ta shiga, kuma sifikar za ta jure minti 30 cikin ruwa mai zurfin mita ɗaya. In ka ga IPX7, wannan X ɗin na nufin ba a ba ta makin ƙura ba. Wanda ke bin hanyar burji a kan babur, lambar farko ta fi masa amfani nesa ba kusa ba. Amma fa jabu ma ya iya buga lamba, don haka in farashi ya yi arha fiye da kima, arhar nan ba ta ado.

Batir kuwa, awannin da aka rubuta ba a ƙure murya aka auna su ba. Zafi ma na kashe shi, kada a bar sifikar a gaban gilashin mota da ranar bazara. Nemi mai bakin caji irin na wayarka, USB-C, wayar caji ɗaya ta ishe su ko a shagon mai caji.

Sai batun haɗi. Bluetooth na kaiwa kamar mita 10, sai dai wani lokaci baki ya motsa a bidiyo kafin magana ta iso. Mai ramin jona waya zuwa kwamfuta ta fi kwanciyar hankali, sababbi da yawa kuma sun daina zuwa da shi, har da Go 3 ɗin da na ambata. Shi ya sa nake cewa ka je da kwamfutarka, a jona a gabanka, kafin ka zaro kuɗi.

Mu kwana nan, sai a sharhi na gaba.