Wace salula ce ta fi? A tambayi ɗan kasuwar Kiyeshe

Duk shekara, da Apple ko Samsung sun fito da sabuwar salula, sai ƴan ƙwalisar Yamai su hau gardama: wannan ta fi kyan hoto, waccan ta fi sirantaka. To jama'a, da mudun wa ake wannan awo?

Ɗan kasuwar da ke kai wake daga Kiyeshe zuwa Dogon Dutsi, tambayoyinsa uku ne. Kwana nawa batir ke yi? Tana ɗaukar layi biyu, in rezon Airtel ya ɓace a koma Moov? In ta fashe, akwai mai gyara cikin kasuwa? A nan ne Tecno da Itel, na kamfanin Transsion na ƙasar Sin, suka kada manya, kuma da araha.

Wanda ya manta ya tuna Agustan 2023, da Najeriya ta yanke mana wutar lantarki: ƙarfin batir ya raba gardama.

Ma'aikacin da ke jinginar da albashinsa don iPhone, kwaɗayi mabuɗin wahala ne. Ku kuma mahukunta, ku kai wuta da rezo ƙauyukan Arewa tukuna. Zaɓen salula, talaka ya iya abinsa.