Iskar ozon a kayan farauta: Garin gyaran gira kada a rasa ido

A duk shekara, da zarar watan Satumba ya kama, miliyoyin mafarauta a Amurka kan fara shirin shiga daji domin farautar barewa mai farar wutsiya, farautar da kan kai har watan Janairu a wasu jihohin. Babban abin da ke ci wa kowane mafarauci tuwo a ƙwarya shi ne hancin wannan dabba, domin takan shaƙi warin ɗan Adam daga nesa, ta ɗaga wutsiya ta arce tun kafin ya hango ta.

Wannan ne ya haifar da kasuwa guda ta kayan kashe wari, kama daga sabulu da feshi zuwa tufafi masu ɗauke da gawayi. A 'yan shekarun nan kuma an samu na'urorin da ke fitar da iskar ozon, waɗanda kamfanoni irin su Ozonics da Scent Crusher ke sayarwa. Akwai jaka ko akwatin da mafarauci zai zuba kayansa a ciki ya kunna na'urar, akwai kuma wadda ake ratayewa a saman kai lokacin da ake dakon dabba. Kuɗinsu kan kai ɗaruruwan daloli.

Babu mai musun cewa ozon na kashe wari. Iskar oksijin da ake shaƙa ƙwayoyin zarra biyu ne a haɗe, ita kuwa ozon uku ce, kuma ta ukun ba ta da zama. Duk abin da ta ci karo da shi sai ta maƙale masa ta wargaza shi, ƙwayar cuta ce ko sinadarin zufa. Wani masanin kimiyya Bajamushe, Christian Friedrich Schönbein, shi ne ya gano ta a 1839, ya kuma raɗa mata suna daga kalmar Girkanci mai nufin shaƙar wari. Tun 1906 birnin Nis na Faransa ke tsaftace ruwan sha da ita, kuma har yau otal-otal da dillalan motoci na amfani da ita wajen korar warin taba.

Sai dai inda gizo ke saƙa shi ne, ozon ba ta tantance abin da za ta ci. Yadda take wargaza warin zufa, haka take tsinka zaren sinadaran da suka riƙe roba, musamman robar da ake tatsa daga itace. Wannan tsohon sani ne. A farkon shekarun 1950, lokacin da hazon hayaƙi ya addabi birnin Los Anjeles, wani masani ɗan asalin ƙasar Holan mai suna Arie Haagen-Smit ya riƙa auna yawan ozon a iska da ɗan guntun roba kawai: ya lanƙwasa shi ya ajiye, ya ga tsawon lokacin da zai ɗauka kafin ya fara tsattsagewa. Ƙananan tsagar da ake gani a gefen tayar motar da ta daɗe a ajiye ma akwai hannun ozon a ciki, shi ya sa masu ƙera taya ke zuba mata kakin zuma na masana'anta da wasu sinadarai na kariya.

To, kayan mafarauci kuwa cike suke da roba. Dogayen takalman shiga ruwa da taɓo, robar ƙugun wando da ta bakin safa, zoben da ke hana ruwa shiga madubin hangen nesa, da 'yan robobin da ake ɗaura wa tsirkiyar baka domin rage ƙara, duk suna cikin abin da ozon ke ci. Tsagar ta fi fitowa inda robar take a miƙe ko a lanƙwashe, kamar wuyan takalmi. Haka kuma iskar na kodar da wasu rini, har ma masana'antun wandon jins da gangan suke amfani da ita wajen kodar da shuɗin yadinsu.

Gaskiya ne cewa akwai robar da ke jure mata, kamar silikon da wadda ake kira EPDM. Amma mutumin da ya sayi takalmi a kanti da wuya ya san irin robar da aka haɗa masa. Ɓarnar kuma a hankali take taruwa, yau kaɗan gobe kaɗan, ba a farga sai ranar da ruwan sanyi ya shiga ƙafa a tsakiyar daji.

Asarar takalmi da sauƙi. Yawancin masu farautar barewa a Amurka a kan wani ɗan dakalin ƙarfe suke zama, wanda ake ɗaurewa can sama a jikin bishiya, kuma faɗowa daga nan na cikin manyan abubuwan da ke jikkata su, wasu su karya ƙashin baya, wasu su rasa ransu. Abin da ke tsakaninsu da ƙasa shi ne ɗamarar tsaro da igiyarta. Duk wanda ya jefa wannan ɗamara cikin jakar ozon tare da riga da wando, kullum har ƙarshen kaka, ya sa ransa a caca ne domin barewar da wataƙila ma ba za ta biyo ta wurin ba.

Ga kuma batun lafiya. Ozon na ƙona maƙogwaro da huhu, tana jawo tari da ciwon ƙirji, tana tayar wa masu asma ciwonsu. A 2015 Hukumar Kare Muhalli ta Amurka ta tsayar da iyakarta a iskar waje a kan kashi 0.070 cikin miliyan na tsawon awa takwas, jihar Kalifoniya kuma ta hana na'urorin tace iskar ɗaki wuce kashi 0.050. Hukumar ta daɗe tana bayyana cewa a adadin da ba ya cutar da mutum, ozon ba ta yin wani tasirin kirki wajen tsaftace iskar ɗaki. Ke nan adadin da ke aiki a cikin jaka ya wuce wanda huhu zai ɗauka, kuma mai kunna ta a rufaffen gareji, ko a cikin mota yana zaune, shi ma yana shan rabonsa.

Ribar da ake samu bayan duk wannan ba ta taka kara ta karya ba. Ko da an fitar da riga daga jaka ba wari ko kaɗan, mai ita zai sa ta ya yi tafiya, ya yi zufa, ya yi numfashi, jikinsa ya ci gaba da fitar da sabon wari. Bincike ya kuma nuna cewa idan ozon ta haɗu da maiƙon fatar mutum da ya maƙale a tufafi, takan haifar da wasu sababbin sinadarai da ke tashi a iska. Mujallar farauta ta Field & Stream ta taɓa gwada abin da karen 'yan sanda, inda ozon ta ɓata wa karen lokaci, amma a ƙarshe ya gano mutumin da ya ɓuya.

Masu kare na'urar na cewa laifin na masu wuce gona da iri ne, domin takardar da ke zuwa da ita ta yi gargaɗi game da roba da kuma shaƙar iskar. Suna da hujja, kuma ɗan jinkirin da ake jawo wa hancin barewa na iya isar mai baka ya saki kibiya. Amma gargaɗin da ya shafi rai bai kamata ya ɓuya cikin ƙananan haruffa a shafin ƙarshe ba, alhali hoton barewa mai manyan ƙaho ya cika jikin kwali. Ya dace a rubuta shi ɓaro-ɓaro a jikin jakar, su ma masu ƙera takalma da ɗamara su fito fili su faɗi ko kayansu na jure ozon.

Kafin nan, nauyin yana wuyan mafarauci. Ya taƙaita ozon ga tufafin da ba su da roba, na ɗan gajeren lokaci, a wurin da iska ke shiga da fita kuma ba kowa a ciki, sannan ya bar kayan su sha iska kafin ya sa. Ɗamarar tsaro, baka, madubin hangen nesa da takalman roba kuwa, ruwa da sabulu marar ƙamshi ko tsumma sun ishe su. Idan ya isa daji kuma, ya duba inda iska ta dosa ya zauna ta yadda za ta kwashe warinsa nesa da hanyar barewa, kamar yadda mafarauta suka saba yi tun kafin a san wutar lantarki.